Daga ina baƙin ƙuda ke dawowa bayan kogi ya ƙafe?

Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare, wanda yake taya rabon Mectizan, maganin makantar kogi da cizon baƙin ƙuda ke yaɗawa, a ƙauyensu da ke kudancin Kaduna, ya aiko da tambaya. Ya ce kogin da ke bayan garinsu yakan ƙafe da rani, sai 'yan kududdufai tsakanin duwatsu, baƙin ƙuda kuma ya ɓace ɓat. Amma da ruwa ya sauka kogi ya fara gudu, sai ga shi ya dawo yana cizon manoma a ƙwauri. Ina yake ɓuya? Sannan bara wasu ma'aikata sun zo suna tsintar tsutsotsi a jikin ciyawar cikin ruwa suna zubawa a kwalabe, suka ce za su duba ƙwayoyin gadonsu. Me wannan zai tsinana wa mai fama da ƙaiƙayi da makantar kogi?

Malam, tambayoyinka biyu ne a baki, amma gindinsu ɗaya. Yawancin ƙudan da ke fara cizonku da farkon damina baƙi ne, zuwa suka yi daga wani wuri. Masu kwalaben nan kuwa so suke su san daga ina, domin amsar ita ce ke nuna ko garinku zai iya rabuwa da cutar shi kaɗai, ko sai an haɗa da mutanen da ba ku taɓa jin sunan garinsu ba.

Bari mu fara shiga ruwan. In damina ta kankama, je inda kogin ke zuba kan duwatsu yana kumfa, ka kamo ganyen ciyawar da ruwa ke kaɗawa, ka ɗago shi. Za ka ga wasu 'yan tsutsotsi masu duhu jere a kai, kowace ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, gindinta ya fi kanta kauri. Tsutsar takan shafa wani zare mai danƙo da take fitarwa daga bakinta a jikin ganye, ta kafa ƙananan ƙugiyoyin gindinta a ciki, ta sake jiki ruwa na karkaɗa ta. A kanta akwai wasu gasu biyu da take buɗewa kamar mafici, da su take tace abinci daga ruwan da ke wucewa. Ba ta farauta, ruwa ne ke kawo mata har baki. In ka taɓa ta sai ta saki ganyen, ta rataya da zarenta kamar gizo-gizo, in ta ji lafiya ta hauro. A zafin ƙasarmu ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa uku, tsutsa ta yi kamar kwana bakwai zuwa goma tana ci, ta saƙa wa kanta ɗan kumbo ta kwanta kwana biyu zuwa huɗu, sai ƙuda ya fito. Macen ce kaɗai ke shan jini, da rana, kuma a duk 'yan kwanaki tana zuba ƙwai ɗaruruwa.

Ka ga ke nan duk rayuwar wannan halitta a wuyan ruwa mai gudu take. Kududdufin da ya rage tsakanin duwatsu na sauro ne, tsutsar baƙin ƙuda ba ta rayuwa a ciki. Ƙwansa ba irin na sauron da ke kawo shawara ba ne, wanda kan bushe a tsohuwar taya ya jira ruwan baɗi. Na baƙin ƙuda in ya bushe ya mutu. Babban ƙuda kuma da wuya ya wuce wata guda a duniya. Kogin da ya yi wata huɗu ko biyar a ƙafe ba shi da inda zai ajiye iri. Sai dai a manyan koguna da ba sa yankewa, da gindin madatsun ruwa, da ƙoramun kan tsaunuka, a nan zuriyar ke yin rani.

Wannan tambaya ta «daga ina» ba a kan baƙin ƙuda aka fara yin ta ba. Duk ƙwarin da ke girma a rafi suna da matsala guda: ruwa gangara yake yi, kullum yana kwasar wasunsu ya yi ƙasa da su, musamman da dare. In ka kafa raga mai ƙananan ido a rafi bayan magariba, da safe za ka tarar ta cika da su. To me ya hana kan rafin ya zama kango? A 1954 wani masani mai suna Karl Müller, da ke aiki a rafukan Suwidin, ya ce ai in sun yi fiffike iyayen kan tashi su nufi sama su zuba ƙwai, abin da ruwa ya kwashe fiffike ya mayar. An daɗe ana gardama a kai. Daga baya a kogin Kuparuk na Alaska aka zuba wani sinadari mai alama a wuri guda, tsutsotsi suka ci ya shiga jikinsu, sai aka riƙa kama manyansu ɗauke da alamar kusan kilomita 2 a saman wurin.

Amma ba kowane ƙwaro za ka iya yi wa alama ka bi shi ba. Ƙudan da bai kai ƙwayar dawa ba, in ya shiga iska ya tafi ke nan. Dole aka koma karanta alamar da ya zo da ita daga ciki, kamar yadda kakanninmu kan dubi tsagen fuskar baƙo su faɗi garinsu tun bai buɗe baki ba. Dabarar mai sauƙi ce. Ɗauki rumbun da aka gauraya farar dawa da ja. In kowace shekara da buhu kake ɗibar iri, gaurayen zai daɗe yadda yake. In kuwa da tafin hannu kake ɗiba, wata shekara ja za ta rinjaya, wata shekara fara, har wata rana ɗaya ta ɓace ba tare da kowa ya zaɓa ba. Haka ƙwayoyin gado ke yi a ƙaramar zuriyar da ta keɓe: a hankali sai ta yi hannun riga da maƙwabtanta. Abin da ke hana wannan shi ne auratayya, kuma ba ta buƙatar yawa. Tun shekarun 1930 Sewall Wright ya nuna da lissafi cewa baƙo ɗaya tak da zai shigo ya hayayyafa a kowane zubi na haihuwa ya isa ya hana zuriya biyu rabuwa kwata-kwata. Saboda haka in ƙwarin koguna biyu sun yi kama a gado, akwai zirga-zirga tsakaninsu, ko an yi ta ba da daɗewa ba. In sun bambanta, akwai shinge.

Da aka bi rafukan duniya da wannan ma'auni, an ga abubuwa iri-iri. Masu raunin fiffike sukan bi reshen ruwa, dangantakarsu ta yi kama da taswirar kogin. Na kan tsaunuka, irin wani baƙin ƙuda da aka bincika a ƙwanƙolin duwatsun Kolorado a Amurka, kowane kan rafi kamar tsibiri yake. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da Stuart Bunn da Jane Hughes suka bayyana a 1997 daga rafukan Kwinslan a Ostareliya. Sun tarar tsutsotsin wurare biyu na rafi ɗaya sun fi bambanta da juna fiye da yadda rafukan da ke nesa suka bambanta. Bayanin da suka bayar shi ne iyayen suna yawo sosai, amma tsutsotsin kowane lungu 'ya'yan mata kaɗan ne. Wannan gargaɗi ne ga duk mai shiga ruwa da kwalba. In ka kwashe tsutsa ɗari daga ganye ɗaya, wataƙila 'yan ɗaki ɗaya ka kwaso kana zaton ka auna gari. Shi ya sa za ka ga ma'aikacin da ya san aikinsa yana tsallake-tsallake daga dutse zuwa dutse, yana tsintar kaɗan-kaɗan.

Baƙin ƙuda yana da wata baiwa da ta sauƙaƙa mana aiki tun kafin a iya karanta DNA, wato rubutun gado da ke cikin jikin kowace halitta. Jakar da tsutsar ke haɗa zarenta tana da kuromozom, wato igiyoyin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, masu girman gaske, waɗanda suka ruɓanya kansu sau ɗaruruwa ba su rabu ba, har suka yi kauri. Kwalbar da ka gani a hannun mutanen nan, in don wannan aiki ce, ruwan cikinta kashi uku barasar asibiti ne, kashi ɗaya ruwan tsami mai ƙarfi, kuma a sanyi ake riƙe ta. A ɗakin gwaji sai a ɗora tsutsa kan gilashi, a farke cikinta da allura biyu masu tsini, a zaro jakar, a ɗiga mata jan rini, a rufa da siririn gilashi, a danna da babban yatsa. In ka danna da ƙarfi ka watsa komai, in ka yi sako-sako ba za su baje ba; hannu ne ke koya, ni ma na ɓata da yawa kafin in iya. Da ka leƙa madubi za ka ga igiyoyi uku masu ratsi-ratsi, wani ratsin mai kauri, wani siriri, kowane a mazauninsa. Wani lokaci a tarihin zuriya wani yanki kan tsinke ya koma a juye, kamar carbin da ya tsinke aka mayar da wani sashe kai a ƙasa. 'Ya'yan carbin suna nan cif, jerin ne ya sauya, kuma haka za a yi ta gadonsa. Tsutsar da ta gaji juyayye daga uwa, miƙaƙƙe daga uba, za ka ga igiyarta ta yi wata 'yar zarge a wurin, ba ta ɓuya.

Ga inda lissafi ke shigowa. A ce rabin kuromozom ɗin da ke wani kogi juyayyu ne. In ƙudajen wurin suna barbara da juna ba zaɓe, cikin tsutsa 100 za ka sa ran kusan 25 masu juyayye biyu, 25 masu miƙaƙƙe biyu, 50 masu zarge. Wannan ita ce ƙa'idar Hardy da Weinberg ta 1908. Amma in ka duba ka ga 50 nan, 50 can, babu mai zarge ko ɗaya, to dangi biyu ne ke kwana kan ganye ɗaya ba sa auratayya, duk da cewa ido ba ya raba su.

Da wannan hanya aka gano cewa abin da aka sa wa suna Simulium damnosum a 1903, wanda wani masani mai suna Blacklock ya tabbatar a Saliyo a 1926 cewa shi ke ɗaukar tsutsar makantar kogi, taron dangi ne. A 1975 Charles Vajime, ɗan Najeriya da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da Robert Dunbar na Kanada, suka fitar da jinsi takwas a Afirka ta Yamma. Sunayen ma na wurare ne: sirbanum daga kogin Sirba, wanda ke fitowa daga Burkina Faso ya faɗa kogin Kwara a yammacin Nijar, soubrense daga garin Subre na Kodebuwa, sanctipauli daga kogin Sen Pol na Laberiya. Yau ana lissafa kimanin iri 60 a faɗin Afirka. A arewacin Najeriya sirbanum da damnosum na asali ne suka fi yawa, su ne 'yan sarari, masu zama a kogunan da ke cika su ƙafe. Cikin sauran dangin, yahense na son ƙananan rafuka masu inuwa a kurmi, squamosum ya fi son ƙasar tuddai. Halinsu na tafiya ya bi mazauninsu: wanda ruwansa ba ya yankewa bai cika nisa da gida ba, wanda koginsa ke mutuwa duk shekara kuwa ɗan ci-rani ne tun fil azal.

An kuma daɗe da lura cewa cutar ta fi makantarwa a ƙasar sarari, a kurmi ta fi tsayawa a fata. An yi bayanin haka da cewa tsutsar cutar ma iri biyu ce, kowace da ƙudanta. Ni dai ina riƙe wannan bayani da hannu sako-sako, don binciken gadon tsutsar na baya-bayan nan ya nuna iri biyun suna cakuɗa fiye da yadda aka zata.

Yanzu dubi yadda wannan bambanci na mai zama da mai tafiya ya raba nasara da wahala. A kwarin Kodera na yammacin Kenya, wanda ake kira kwarin makafi, wani jinsi ne daban, Simulium neavei, mai wata ɗabi'a ta ban mamaki: tsutsarsa a bayan ƙaguwa take manne. Ba ya nisa da rafukan kurminsa. A 1946 masana biyu, Garnham da McMahon, suka zuba maganin ƙwari na DDT a rafukan na 'yan watanni, ƙudan ya ƙare, bai sake dawowa ba. A tsibirin Biyoko na Ikwatoriyal Gini, inda kuromozom suka nuna irin yahense na wurin na musamman ne, an gama da shi a 2005. A kan iyakar Gana da Togo akwai wani reshen sanctipauli da ake kira Djodji, shi ma tun feshin 1988 ba a sake ganinsa ba. Duka ukun tsibirai ne, ko na teku ko na kurmi.

Gwada wannan da tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Daga 1956 aka yi shekaru ana zuba DDT a kogunan yankin, masana irin su Crosskey da Davies na cikin masu aikin. Cizo ya ragu ƙwarai, amma duk damina sai ƙuda ya sake shigowa daga kogunan da ke wajen da'irar aikin. Tamkar mai share tsakar gida ne ana hunturu.

Abin ya fi fitowa fili a babban shirin da aka kafa a 1974, mai hedikwata a Wagadugu, wanda ya haɗa ƙasashe bakwai: Burkina Faso, Mali, Nijar, Gana, Togo, Benin da Kodebuwa. Najeriya ba ta ciki. Daga 1975 jirage masu saukar ungulu suka riƙa bin koguna suna zuba maganin temefos kowane mako. Ka ga dalilin mako: tsutsa ba ta gama girma kafin jirgi ya dawo. Niyyar ita ce a riƙe haka shekara 14 ko fiye, har manyan tsutsotsin cutar da ke cikin ƙullutun jikin mutane su mutu don tsufa. Da rani komai ya tafi daidai. Damina na faɗuwa sai masu kamun ƙuda a kogin Leraba da wasu wurare, waɗanda ke zama bakin ruwa daga ƙarfe 7 na safe zuwa 6 na yamma da wando a naɗe, suka fara cika kwalabe. Aka zargi matuƙa jirgi da tsallake wasu wurare. Aka bi kogunan a ƙafa, babu tsutsa. Da aka feɗe ƙudajen sai aka ga yawancinsu tsofaffin mata ne da suka riga suka taɓa zuba ƙwai, wasu ma ɗauke da cutar. Ƙudan da aka haifa a wurin ba zai zo da tsufansa ba. Aka tabbatar 'yan sarari ne, aka dubi inda iska ke fitowa, aka koma kudu maso yamma aka yi feshin gwaji a kogunan da ake zargi, sai kamun ya faɗi. Iskar damina ce ke ɗauko su, tafiyar da kan kai kilomita 400 zuwa 500. Wannan ne ya sa aka faɗaɗa shirin, har a 1986 Gini, Gini Bisau, Senegal da Saliyo suka shigo, ƙasashe suka zama 11. Kafin a rufe shi a 2002, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an kare mutum 600,000 daga makanta, an kuma buɗe hekta miliyan 25 na ƙasar noma da aka gudu aka bari.

Ana tsakar wannan kuma gado ya sake nuna kansa ta wata fuska. A 1980, a ƙasan kogin Bandama na Kodebuwa, temefos ya daina kashe tsutsotsin dangin sanctipauli. Mako bayan mako ana kashe masu rauni ana barin masu juriya su hayayyafa, kuma ƙudan da ke sabon zubi duk bayan mako biyu ko uku ba ya ɗaukar lokaci kafin ya juya. Cikin 'yan shekaru juriyar ta bayyana a 'yan sarari, su kuwa matafiya ne. Abin da ya ceci shirin shi ne wata ƙwayar bakteriya da ake kira Bti, wadda aka gano a hamadar Negeb a 1976, mai kashe tsutsar sauro da ta baƙin ƙuda ta bar sauran halittu. Daga nan aka koma karɓa-karɓa da magunguna har bakwai, Bti lokacin da ruwa ya ja, masu kaifi irin su fametirin sai kogi ya cika kuma na 'yan makonni kawai.

Na ambaci sauran halittu, kuma bai kamata in wuce su da gudu ba, tunda ganyen da ka ɗago ba baƙin ƙuda kaɗai ke kai ba. Juya dutse za ka ga masu wutsiya uku suna gudu a kwance, da masu saƙa raga tsakanin tsakuwa, da 'ya'yan mazari masu farautar su duka. Su ne abincin kifin da kuke ci. Shirin ya kafa kwamitin masana masu zaman kansu da ya yi shekara 20 da ɗoriya yana auna kifi da ƙwari. Abin da aka gani shi ne bayan kowane feshi ƙwari da yawa kan saki dutse ruwa ya tafi da su, wasu nau'o'i sun yi ƙaranci na shekaru, amma kifi bai ƙare ba, kuma yawancin ƙwarin sun dawo bayan an daina. Daga ina? Daga ƙananan rassan da ba a fesa ba. Tafiyar da ta wahalar da masu yaƙi da ƙuda ita ce ta raya kogin.

Yau an ƙara da DNA, amma kada a ruɗe ka cewa ta kore tsohuwar hanya. Ɗan guntun da aka saba karantawa don tantance jinsin ƙwari, mai harafi kusan 650, yana aiki sosai a yawancin ƙwarin rafi, ya ma tona cewa da yawa da ake ɗauka jinsi ɗaya ne taro ne. A dangin damnosum kuwa yakan kasa, saboda rabuwarsu ba ta daɗe ba, kuma jifa-jifa sukan haɗa jini. Sai an karanta wurare dubbai a faɗin gadon kafin hoto ya fito, kuma har yanzu mai iya karanta ratsin kuromozom, waɗanda suka yi ƙaranci ƙwarai, yana da abin faɗa. Inda DNA ta yi rawar gani shi ne a kan ƙuda. Ana tara kawunan ƙudaje ɗari-ɗari a niƙa a nemi alamar tsutsar cutar. Da can da madubi ake dubawa, ga shi kuwa akwai wata 'yar uwarta mai suna Onchocerca ochengi da ke zaune a fatar shanu, ƙuda ɗaya ke ɗaukar su, kuma a ido kusan ba su da maraba. A kogin Bina kusa da Ngaundere a Kamaru, inda shanu suka yi yawa, an nuna yawancin abin da ke kan ƙuda na shanu ne. Wanda bai raba su ba zai ce cuta na nan alhali ta tafi.

To ga inda abin ya shafi sandar awon tsawon masu karɓar magani da littafin rajistar da ke hannunka. Mectizan, wanda kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987, ƙananan tsutsotsin cutar yake kashewa a jikin mutum, ba ya kashe iyayen, shi ya sa ake maimaitawa shekara da shekaru. Kafin a ce a daina, ƙa'idar 2016 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada aƙalla ƙuda 6,000 a ga masu cutar ba su kai ɗaya cikin 2,000 ba, a kuma gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara goma. Filato da Nasarawa sun kai wannan mataki sun daina rabo, Kaduna ma ta bi sahu a yawancin wurarenta, kuma a watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da cutar. Amma duk wannan hukunci a kan «yanki» ake yanke shi, kuma tambayar ita ce ina iyakar yankin. Taswirar gwamnati ta san ƙaramar hukuma da jiha. Ƙuda bai san su ba. In gadon tsutsotsin koginku ya zama ɗaya da na wani kogi mai nisan kilomita 200 inda rabon magani ke tangal-tangal, to daina sha a garinku kasada ce, ko da gwajinku ya fito fes. In kuwa naku sun fita daban, kuna iya gamawa ku kaɗai. A kan iyakar Sudan da Habasha, a Galabat da Metema, sai da ƙasashen biyu suka zauna suka yanke hukuncin tare.

Iyakar nan kuma ba a kafe take ba, mu ma muna matsar da ita. A Abu Hamad da ke arewacin Sudan, madatsar Marawi da aka kammala a 2009 ta nutsar da duwatsun da ƙuda ke haihuwa a kai, ta taimaka aka kawo ƙarshen cutar a can. Amma ƙaramar madatsa mai zubar da ruwa kan siminti duk shekara gida ce sabuwa, wadda kan ba ƙuda wurin yin rani inda da babu. A kudancin Gana kuma an nuna cewa inda aka sare kurmi, 'yan sarari sun ƙaru a kogunan da da na 'yan kurmi ne.

Saboda haka, Malam, in kana son ka taimaka wa masu kwalaben in sun dawo, ga abin da ɗalibanka za su iya ba tare da ko sisi ba. Ku rubuta ranar da kogi ya fara gudu, da ranar da aka fara jin cizo, da ranar da kuka fara ganin tsutsa a ciyawa. In cizo ya riga tsutsa, baƙi ne suka buɗe shekara. In kun ji cizo tsakiyar rani, ku nemi inda ruwa bai yanke ba, ƙarƙashin gada, gindin madatsa, ko wata ƙorama a kan dutse, ku nuna musu. A arewacin Yuganda an gwada sa matasan gari su sare ciyawa da rassan da ke jan ruwa a wuraren kumfa su jefar a tudu, cizo ya ragu sosai. Zai iya yi muku amfani da tsakiyar damina, lokacin da yawancin masu cizon haihuwar koginku ne, amma ba zai tare na farkon damina ba. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne wani ya sayo maganin feshin gona ya tuttula a ruwa. Zai kashe 'ya'yan mazari da kifi, mata na wanki a ƙasa, yara na iyo, kuma kafin sati biyu wata macen ta sauka daga iska ta zuba ƙwai a ganyen da ya share mata. Rabon Mectizan kuwa ku ci gaba da shi har ranar da sakamakon gwaji ya ce a tsaya, ku kuma tabbata 'yan ci-rani da makiyayan da ke sauka bakin kogin sun shiga rajista.